Sharhi: Idan Tsokar Numfashi Ta Gaji

  Gaisuwa ga mutanen Mahuta da kewaye, da na Funtuwa, Bakori, Danja, Kafur, Dandume da Malumfashi, na gona da na kasuwa, da iyayenmu mata da ke sauraro daga cikin gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu lafiyar cin abin da muka noma.

Yau maganarmu a kan wasu cututtuka ne da ke kashe mutum alhali huhunsa lafiya lau, wato cututtukan jijiya da tsoka da ke raunana numfashi. Za mu ji abin da masu bincike suka gano, da abin da ke hannunmu mu da muke nesa da manyan asibitoci.

Mai sauraro, in ba tuƙi kake yi ba, ɗora tafin hannunka a cikinka ka ja numfashi. Ka ji cikin ya taso? Abin da ya turo shi wata faffaɗar tsoka ce da ke shimfiɗe tsakanin ƙirji da ciki, huhu da zuciya suna samanta, hanta da tumbi suna ƙasanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon Layya ya gan ta, siririn jan naman nan da mahauci ke yankewa kafin hannunsa ya kai ga huhu. Huhu ba ya jan iska da ƙarfin kansa. Lamarin kamar zugazugin maƙeri ne: fatar tana iya zama sabuwa ful babu ɓula ko ɗaya, amma in hannun mai zuga ya gaji, wutar mutuwa za ta yi. Wannan tsoka, da ƙanana da ke tsakanin haƙarƙari, su ne mai zugar. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kusan sau 20,000 ke nan a kwana guda, ido biyu da cikin barci, babu ranar hutu.

Umarnin wannan aiki daga ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa. Yana bin laka, ya fita ta jijiyoyi biyu a wuya, dama da hagu, su gangara cikin ƙirji har su sadu da tsokar. Saboda haka wuri huɗu ne saƙon ke iya katsewa: a laka, ko a jikin jijiya, ko a mahaɗar jijiya da tsoka, ko a tsokar kanta. Cututtukan da za mu ambata kowacce da inda take kamawa, amma duk inda suka kama, ƙarshensu ɗaya ne, ƙirji ya kasa ɗagawa.

Abin da ya sa wannan ciwo ke yi mana sata shi ne ba ya hayaniya. Mai asma ƙirjinsa kuka yake yi, kowa ya ji sai ya tashi tsaye. Shi kuwa wanda tsokarsa ta gaji kwance yake shiru, yana ɗan jan numfashi gajere-gajere, yana yanke magana a tsakiya. Tun da ba ya fitar da iska yadda ya kamata, gurɓatacciyar iskar da jiki ke zubarwa, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, sai ta taru a jininsa. Ita kuwa in ta taru barci take sawa. Sai ka ji 'yan uwa suna cewa, "Alhamdu lillahi, ya samu barci, a bar shi ya huta." Sau da yawa barcin nan shi ne mafarin suma.

Ko a asibiti ana iya ruɗuwa. Ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa oksijin kawai yake aunawa. Yana iya nuna 96 ko 97, alhali tsoka ta kusa ajiye aiki, domin a irin wannan ciwo oksijin ba ya faɗuwa sai can a ƙurarren lokaci. In kuma aka sa wa mutum oksijin kaɗai aka juya baya, lambar za ta yi kyau, gurɓatacciyar iska kuma ta ci gaba da taruwa. Oksijin yana da amfaninsa, amma ba ya ɗaga ƙirjin da ya gaji. Irin wannan majinyaci buƙatarsa a tura masa iska ta shiga, a bar ta ta fito.

Kada wani ya ce wannan ciwon mutanen birni ne ko na Turai. Bari mu fara daga gonakinmu.

A yankin nan na masara, dawa, auduga, wake da waken suya, feshi ya zama ruwan dare. Yaro zai goya injin feshi babu takunkumi babu safar hannu, maganin na ɗiga ta bayan rigarsa, rana na duka, ya gama ya ɗauki rake ya sha bai wanke hannu ba. Wasu kuma a kwalbar lemo suke ajiye fiya-fiya, yaro ya ɗauka ya kurɓa. Da yawa daga magungunan ƙwarin nan a mahaɗar jijiya da tsoka suke ɓarna. Da farko za a ga yawu na dalala, gumi na ketowa, amai da zawo, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. A asibiti allurar atrofin tana busar da wannan, mutum ya farfaɗo har ya yi magana. To a nan ne haɗarin na biyu yake ɓoye. A 1987 likitoci biyu a ƙasar Siri Lanka, Senanayake da Karalliedde, suka ba da rahoton majinyata 10 da suka tsallake matakin farko, sannan tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu wuyansu ya saki, suka kasa ɗaga kai daga matashi, numfashi ya fara gagara. Atrofin ba ta gyara wannan rauni. Abin da ke ceton mutum shi ne a riƙe masa numfashi har tsokar ta dawo, kuma tana dawowa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa uku. Saboda haka in likita ya ce a bar majinyaci ya ƙara kwana, kada a ce ai ya warke, aikin gona na jira. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba, amma dokar da ta fi aiki ita ce wadda maigida ya kafa a gidansa.

Sai maciji. Ƙasar nan tamu tana cikin tarihin binciken sarar maciji na duniya. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun gudanar da babban aikin bincike a ƙauyukan Malumfashi, kuma a 1980 Pugh da Theakston suka wallafa abin da suka gano kan sarar maciji a yankin. Kububuwa jini take tsinkawa. Maciji mai tofin nan da ke shiga ɗaki da dare nama yake ruɓarwa. Amma cikin macizai masu fasa kai akwai wanda ba ya tofi, dafinsa kai tsaye mahaɗar jijiya da tsoka yake toshewa. Likita David Warrell da abokan aikinsa sun bayyana irin wannan sara a Nijeriya a 1976. Alamar farko fatar ido ce ke sauka kamar mai jin barci, sai harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, sannan numfashi. Wanda aka kai asibiti aka ba shi maganin dafi aka kuma riƙe masa numfashi, yakan tashi garau cikin 'yan kwanaki.

Sai mashaƙo, wanda tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a Kano ya bazu zuwa Katsina, Yobe, Bauchi, Borno da wasu jihohi. Iyaye da yawa sun san kumburin wuya da farin abin da ke toshe maƙogwaro. Abin da ba a cika sani ba shi ne dafin ƙwayar cutar yana bin jijiyoyi daga baya. Yaro ya warke ya koma wasa, bayan mako biyu ko uku sai a ji yana magana ta hanci, in ya sha ruwa ya fito ta hanci. Bayan wasu makonnin ƙafafu su saki, wani lokaci har tsokar numfashi. Uwar da ta ga haka ta koma da shi asibiti a ranar. Allurar da ke kare yaro daga wannan duka kyauta ce, ana yin ta yana da mako 6, da 10, da 14.

Akwai kuma cutar Guillain-Barré, mai ɗauke da sunan likitocin Faransa da suka bayyana ta a 1916. Mutum zai yi zawo ko mura ya warke, bayan mako ɗaya zuwa uku garkuwar jikinsa ta yi kuskure ta afka wa jijiyoyinsa. Tafin ƙafa ya fara ɗaukar tsami, gobe gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, jibi hannu ya kasa riƙe cokali. Hawa take yi daga ƙasa zuwa sama, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu da ta kwantar sai ya buƙaci na'urar numfashi. Masu bincike a Rotadam ta ƙasar Holan sun nuna a 2010 cewa tun ranar da aka kawo majinyaci ana iya hasashen wanda numfashinsa zai gaza, ta duba saurin hawan ciwon, da ko ya taɓa fuska da maƙogwaro, da yawan ƙarfin da ya rage a gaɓɓai. Maganinta na asibiti biyu ne: ƙarin wani sinadarin garkuwa ta jijiyar jini, wanda kuɗinsa miliyoyin naira ne, ko tace ruwan jini da na'ura. A Bangaladash, inda talauci ya yi kama da namu, likitoci sun gwada hanyar tacewa kaɗan-kaɗan mai rahusa, suka wallafa sakamakon a 2018. Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe: jijiyoyin nan suna farfaɗowa. Mafi yawan waɗanda suka tsallake makonnin wahala suna komawa tafiya da ƙafarsu.

Feshi, dafi, mashaƙo, Guillain-Barré, duk huɗun raunin da suke kawowa mai wucewa ne. Mutum na mutuwa ne a tsakani, don ba a samu wanda zai yi masa numfashi ba har ciwon ya wuce. Kuma duniya ta koyi wannan darasi ne daga cutar da muka fi kowa sani, shan inna.

A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak. Asibitin Blegdam ya cika da yara. A lokacin abin da aka dogara da shi shi ne huhun ƙarfe, wani babban akwati da Philip Drinker da Louis Shaw suka ƙera a Amurka a 1928, wanda ake saka mutum ciki kansa kaɗai a waje. Asibitin guda ɗaya tak yake da shi, sai wasu ƙananan na'urori shida. Cikin majinyata 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 sun rasu. Sai wani likitan sa barci a ɗakin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ce yaran nan gurɓatacciyar iska ce ke kashe su. Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 da ke bakin mutuwa. Aka huda mata maƙogwaro aka sa bututu, ya haɗa da jakar roba ya riƙa matsawa da hannunsa, yarinyar ta rayu. Babu na'urorin da za su yi wa kowa haka, sai aka kira ɗaliban likitanci, kimanin 1,500. Suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, kowane ɗalibi na zaune gefen gadon yaro yana matsa jaka na tsawon sa'o'i, wasu yaran har watanni. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 87 cikin 100 zuwa kusan kashi 40, daga baya suka ƙara sauka. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka a matsayin sashen kulawa ta musamman na farko a duniya. A 1956, a ƙasar dai, aka ƙera jakar Ambu mai cika kanta da iska, wadda ba ta buƙatar wuta ko batir. Ungozomominmu sun san ƙaramarta, ita suke sa wa jaririn da aka haifa bai yi kuka ba.

Jama'a, za mu ɗan sarara, mu dawo mu ji labarin cututtukan da ba sa wucewa, da alamun da kowa zai iya dubawa a ɗakinsa.

Madalla. Barkanmu da dawowa.

Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Amma akwai wani nau'inta da ke ɓulla har yanzu a inda yara ba sa samun ɗigo, kuma jihohinmu na arewa maso yamma na cikin wuraren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda cutar ta shanye, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 suna rasuwa saboda tsokar numfashi ta tsaya. Su kuma 'yan uwanmu da suka rayu da ita, masu tafiya a keken hannu, wasu rauni na dawo masu bayan shekara 15 zuwa 40, musamman waɗanda ƙashin bayansu ya karkace ya matse ƙirji. In irin wannan bawan Allah ya fara tashi da ciwon kai kullum da safe, yana gyangyaɗi da rana tsaka, a duba numfashinsa na dare.

Akwai cutar mayasteniya, wadda garkuwar jiki ke toshe mahaɗar jijiya da tsoka. Mace za ta tashi da safe garau, la'asar na yi fatar idonta ta sauka, ta fara ganin abu biyu-biyu, taunar tuwo ta gajiyar da ita. Sai a ce lalaci ne, ko a ce jifa ne. Alhali tun 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta gano maganin da ke dawo da ƙarfin, kuma jikan wannan magani, ƙwayar piridostigimin, ana samun sa a ƙasar nan. Abin tsoro shi ne akwai magungunan da ke jefa mai wannan cuta cikin gazawar numfashi, kuma su ne ake bayarwa barkatai a kemis: allurar jentamaisin, ƙwayar sifuro, kunin da kulorokwin. Mai mayasteniya kada ya yarda a yi masa allura ko a ba shi ƙwaya sai ya faɗi ciwonsa.

Akwai cutar Duchenne ta gado, mai kama yara maza, kusan ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, sha-raɓarsa babba kamar ta mai ƙarfi, amma yana yawan faɗuwa, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu. Wajen shekara 12 tafiya ta gagara, daga baya ƙirji ya bi. Akwai kuma cutar jijiya ta manya mai suna ALS, wadda ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, da ya rasu a 2018 yana da shekara 76.

Me bincike ya ce game da su? A birnin Niyukasil na Ingila an bi tarihin masu Duchenne, aka wallafa a 2002. A shekarun 1960 matsakaicin shekarun rasuwarsu 14 ne da 'yan watanni. Waɗanda aka fara sa wa na'urar numfashi da dare daga 1990, matsakaicin ya haura 25. Na'urar kuwa ƙarama ce, ana kiranta BiPAP, da abin rufe hanci, ba a huda maƙogwaro. Tana tura iska lokacin barci, tsokar ta samu sauƙi, mutum ya tashi kansa wasai. A 2006, a birnin dai, gwaji kan masu ALS 41 ya nuna cewa waɗanda maƙogwaronsu bai shanye sosai ba, na'urar ta ƙara masu kimanin kwana 205, ta kuma kyautata barcinsu da walwalarsu.

An kuma gwada wata dabara mai tsada da aka ɗora wa buri: a yi tiyata a dasa wayoyin lantarki a jikin tsokar numfashi don su riƙa motsa ta. Da aka gwada a Ingila kan masu ALS 74, sakamakon 2015 ya girgiza kowa. Waɗanda aka dasa wa sun rayu kimanin wata 11, waɗanda aka bari da abin rufe hanci kaɗai wata 22 da rabi. Irin wannan gwaji a Faransa ma dakatar da shi aka yi. Amfanin bincike ke nan, ya hana a sayar wa mai ciwo abin da zai cutar da shi don kawai sabo ne. Haka batun atisayen ƙarfafa tsokar numfashi da ƙananan na'urorin hurawa: da masana suka tattara gwaje-gwajen a 2019, sun ga hujjar ba ta yi ƙarfin da za a ce kowa ya yi ba. Sai da shawarar likita.

Sababbin magunguna masu gyara ƙwayar gado sun fito, kuma wasu sun yi abin mamaki. Jariran da ke da nau'i mai tsanani na cutar gado mai raunana tsoka da ake kira SMA, waɗanda a da yawancinsu ba sa kai shekara biyu, yanzu wasu suna zama, wasu har tafiya. Amma maganin Zolgensma da aka amince da shi a Amurka a 2019, a lokacin allura ɗaya dala miliyan 2.1 ce. Muna fata wata rana ya sauko inda talaka zai kai. Kafin nan, akwai abin da bincike ya tabbatar wanda ba ya cin ko kashi ɗaya cikin dubu na wannan kuɗi, wato taimakon tari. Mai raunin tsoka ba ya iya fitar da kaki, mura ƙarama sai ta zama nimoniya, kuma ita ce ke ɗauke da yawansu. Ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki suna koya wa iyali yadda ake cika huhun majinyaci da jakar Ambu, shaƙa kan shaƙa, sannan a dafa ƙasan haƙarƙarinsa a tura daidai lokacin da zai yi tari. Uwa tana iya koyon wannan, ƙane yana iya koyo.

Yanzu ga abin dubawa a gida, ga duk wanda jikinsa ya saki, babba ko yaro mai wayo. Na ɗaya, ka ce ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa ya ƙirga da murya: ɗaya, biyu, uku. Mai lafiya yakan wuce 30 kafin ya sake shaƙa. Wanda ya tsaya ƙasa da 20 yana buƙatar likita, in kuma da safe ya kai 25 da yamma ya tsaya a 15, to ba a kwana da shi a gida. Na biyu, yana kwance rigingine ka ce ya ɗaga kansa daga matashi. Wuya da tsokar numfashi kusan tare suke gajiya. Na uku, ka duba ko ya ƙi kwanciya sai a zaune, ko kuma in ya shaƙa cikinsa na faɗawa ciki maimakon ya taso. Na huɗu, ka saurari tarinsa da muryarsa, ka ga ko yana ƙwarewa da ruwa ko da yawunsa.

In an ga waɗannan, kada a ɗura masa komai ta baki, ko koko, ko madara, ko manja, ko rubutu, don huhu zai tafi. Addu'a da tofi a yi masa su a cikin mota, malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya rushe tawakkali. A ɗauke shi a jingine, in ya suma a kwantar da shi ta gefe. Kada a ba shi maganin barci. In feshi ne, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabulu, kada a sa shi amai, a tafi da kwalbar. In maciji ne, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau. A nufi babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi tun da sauran rana, tunda mun san halin da tafiyar dare ke ciki a yankinmu. A gaya wa ma'aikaci, "Jikinsa ya saki, kuma numfashinsa na raguwa." In an ce a wuce Asibitin Koyarwa na Shika, ko na Malam Aminu Kano, ko na Tarayya da ke Katsina, a roƙi ma'aikaci ya raka da jakar Ambu a hannu.

Sai kira ga masu iko. Yaƙi da shan inna ya bar mana gado mai daraja: kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya ana kai rahotonsa, a ɗauki bayan gidansa sau biyu a aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Mafi yawan yaran nan gwaji na nuna ba shan inna ba ce, wasunsu Guillain-Barré ce. Jami'in da ya zo ɗaukar samfur, a koya masa ya sa yaron ya ƙirga, ya duba wuyansa, ya ce a tafi asibiti yanzu in ya ga haɗari. Wannan ba ya buƙatar sabon ofis.

Muna roƙon Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar kowane ɗakin shan magani yana da jakar Ambu ta manya da ta yara, da abin zuƙe majina na ƙafa, da atrofin isasshe tun kafin lokacin feshi, da ma'aikacin da aka horar. Manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, da ke tsakiyar yankin noma da feshi da macizai, sun cancanci gadaje masu na'urar numfashi da wutar sola da ba ta yankewa. Attajiranmu na hatsi da auduga, da kwamitocin zakka, ga sadaka mai gudana: na'urar BiPAP ɗaya da faranti da batir na iya bai wa yaro shekaru a gaban iyayensa. Dillalan maganin feshi su sayar da takunkumi da safar hannu tare da kwalba, su kuma faɗa wa manomi gaskiyar abin da ke ciki. Jami'o'inmu na Zariya, Kano da Katsina su ƙirga mana masu irin waɗannan cututtuka a ƙauyukanmu, yadda aka taɓa bin ƙauyukan Malumfashi gida-gida, don mai tsara kasafi ya san yawan mutanen da yake yi wa tanadi.

Kai kuma mai sauraro, ka koya wa mutanen gidanka ƙirgen nan yau, ka sauke kwalbar feshi daga inda hannun yaro ke kaiwa, ka duba katin rigakafin 'ya'yanka. In an yi taron kwamitin unguwa, ka tambaya ko asibitinku na da jakar numfashi, kuma wa ya iya aiki da ita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A nan za mu dakata, sai wani makon idan Allah ya kai mu.